Na sauya kwamfuta, taswirorin wasanmu na shekara uku sun ɓace

Assalamu alaikum Anti. Ni ce jagorar wani wasan labari da muke yi ta intanet, irin wanda kowa ke riƙe da jarumi ɗaya, ni kuma ina ba da labari, ina shirya taswira da abokan gaba, a jefa dayis a ga yadda za ta kaya. Dungeons & Dragons muke yi a kan manhajar Foundry, kuma komai a laftof ɗina yake. Mu shida muka fara, shekara uku ke nan, bayan mun gama karatu kowa ya kama gabansa. Bara Allah ya yi wa ɗaya daga cikinmu rasuwa. Jarumarta tana nan, duk abin da ta taɓa rubutawa a wurin hirar wasan yana nan, ko layi ɗaya ban share ba.

Na sayi sabuwar kwamfuta, tsohuwar kuma na yi wa ƙanena alkawarinta, saura kwana goma ya tafi makaranta da ita. Na kwafi foldar duniyarmu, wato inda labarin wasanmu da jarumansa suke, a filashi, na sauke Foundry ta yanzu a sabuwar kwamfutar, na zuba foldar a ciki. Da farko ta ƙi buɗewa sai da na sauke tsarin wasan. Daga nan ta yi mini wata tambaya, na danna amincewa ban karanta ba. Da ta buɗe babu taswira, babu hotunan jarumai, babu kiɗa. Na rufe na yi ta kuka. Na ce wa sauran ba ni da lafiya, na soke zaman makon jiya.

Akwai ɗaya daga cikinsu da ya san kwamfuta sosai. Ya daɗe yana cewa in ba shi fayilolin ya ɗora a tasa, ya sabunta mana komai. Amma duk sirrin labarin yana ciki, kuma shi mutum ne da in ya karɓi abu ya zama nasa. Anti, na lalata mana wasa ne? In miƙa masa in huta? Me zan ce wa ƙanena?

Ƙanwarki, jagorar wasa mai fargaba

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan ƙawarku da rahama, ya ba ku haƙurin rashinta.

Share hawayenki, ba ki lalata komai ba. A cikin wasiƙarki akwai kalma ɗaya da ta kwantar mini da hankali, wato da kika ce kin kwafi foldar. Kwafi kika yi, ba yankowa ba, don haka duniyarku ta asali tana zaune lafiya lau a tsohuwar laftof, da taswirorinta da kiɗanta da maganganun marigayiya. Abin da kika gani a sabuwar kwamfuta gurguwar kwafi ce kawai. Abin da nake so ki yi a daren nan ɗaya ne: ki bar tsohuwar laftof yadda take. Kada ki share komai, kada ki sabunta komai a cikinta, kada ki bari kowa ya fara gyara ta don ƙaninki.

Na kuma san ba taswira kika yi wa kuka ba. Taswira ana iya sake zana ta. Abin da ya karya miki zuciya shi ne tunanin cewa da hannunki kika goge abin da ya rage na muryar ƙawarki, kuma ke aka damƙa wa amanarsa. Wanda ke cikin wannan tsoro ba ya iya zama ya yi lissafi da kyau, shi ya sa kika ga allo babu hoto kika yanke hukunci cewa komai ya tafi. Bari in gaya miki abin da ya faru a zahiri, domin in kin fahimce shi rabin fargabar za ta tafi da kanta.

Manhajojin wasan tebur na intanet ba iri ɗaya ba ne. Wanda ke wasa a Roll20, wadda ta fito a 2012, ba ya da wannan damuwa, saboda wasansa a kwamfutocin kamfanin yake, duk inda ya shiga da sunansa da kalmar sirrinsa zai tarar da shi. Foundry kuwa, da ta fito a 2020, an gina ta ne a kan cewa kwamfutarki ita ce masaukin wasan. Wannan ne daɗinta, domin kayanki na hannunki, kuma wannan ne nauyinta. Tana ajiye komai a cikin babbar folda guda, a cikinta akwai wata mai suna Data. A cikin Data ne ake samun worlds inda duniyarku take, da systems inda tsarin wasan yake, wato dokokinsa, da modules inda ƙananan ƙarin da kika ɗora suke. Ke worlds kaɗai kika ɗauko, shi ya sa ta ƙi buɗewa sai da kika kawo tsarin wasan. Su kuma hotuna, duniyar ba ta haɗiye su a cikinta. Adireshinsu kawai take riƙewa, kamar a ce taswirar kaza tana cikin folda kaza a ƙarƙashin Data. A shekara uku na tabbata kin zuba taswirori da hotuna da kiɗa a wasu foldoji da kika ƙirƙira a gefe, wasu kuma na cikin ƙarin da kika ɗora. Da duniyar ta iso sabon gida ta bi adireshin, ta tarar babu kowa. Kin ɗauko littafin adireshi ne, kin baro mutanen a can.

Tambayar nan da kika amsa ba ki karanta ba ita ce ta fi muhimmanci. Foundry ɗin da kika sauke ta fi ta tsohuwar laftof sabunta, kuma duk lokacin da sabuwar siga za ta buɗe tsohuwar duniya sai ta yi gargaɗi cewa za ta sauya fasalin bayanan zuwa irin nata. Wannan sauyi ba ya komawa baya. Duniyar da aka buɗe da sabuwar siga ba za ta sake zama lafiya a tsohuwar ba. Da a kan ta asali kika danna, da yanzu wata magana muke yi. Tunda a kan kwafi ne, ki ɗauke ta kamar takardar gwaji. Ki fitar da ita daga Data ɗin sabuwar kwamfuta, kuma ki yi hattara kada ki taɓa mayar da ita kan ta tsohuwar laftof.

Ga abin da nake so ki riƙe daga duk abin da zan faɗa. Ƙaura aiki ɗaya ne, sabuntawa aiki ne daban, kuma taura biyu ba ta taunuwa. In kin haɗa su rana ɗaya, wani abu ya lalace, ba za ki san ko fayil kika manta ba, ko wani ƙari ne ya ƙi jituwa da sabuwar siga, ko tsarin wasan ne ya sauya. In kin raba su, duk matsalar da ta taso kin san ƙofar da ta shigo. Don haka burinki na kwana goman nan ƙarami ne: sabuwar kwamfuta ta zama tagwaiyar tsohuwar, siga ɗaya, ƙari ɗaya, komai a inda yake.

Ki fara da tsohuwar laftof. Buɗe Foundry, ki duba lambar sigarta ki rubuta a takarda, cikakkiya da ɗigonta, ba 11 ko 12 kawai ba. Ki rubuta ta tsarin wasan ma. A wurin saituna na shafin farko za ki ga inda ta nuna hanyar da foldar bayananki take. Ba ki ce mini Windows ce ko Mac ba. In Windows ce kuma ba ki taɓa sauya wurin ba, rubuta %localappdata% a layin adireshi na mai buɗe fayiloli, za ki ga folda mai suna FoundryVTT. Ɓoyayyen wuri ne, shi ya sa mutane da yawa ba su taɓa ganinsa ba. In Mac ce, tana cikin Library, ƙarƙashin Application Support. Da kin gano ta, ki rufe Foundry gaba ɗaya kafin ki taɓa komai. Wannan ba tsirfa ba ce. Tun daga siga ta 11, a 2023, manhajar ta koma ajiye bayanai da wani tsari mai suna LevelDB, wanda ke riƙe fayilolinsa yana rubutu a cikinsu muddin duniyar tana buɗe. Kwafin da aka ɗauka a wannan hali yana iya fitowa da tawaya, kuma ba lalle ki gane ba sai ranar da kika buƙace shi.

Sai ki kwafi foldar FoundryVTT ɗungurungum, ba zaɓe. Kada ki ce yau za ki yi shara, ki cire taswirorin da ba a amfani da su ko ki gyara sunayen foldoji. Na san hannu zai yi ƙaiƙayi, sabuwar kwamfuta tana sa mutum son tsafta, amma kowane suna da kika sauya adireshi ne kika karya. In kina son dunƙule ta a fayil ɗin zip, ki sani filashin da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, kuma taswirori da kiɗan shekara uku suna iya zarce haka. Filashi mai tsarin exFAT ba shi da wannan iyaka. In an gama, ki duba girman foldar da adadin fayilolinta a laftof, ki duba na filashi, ki tabbata sun yi daidai. Sannan ki yi kwafi na biyu a wani wuri dabam, ko wata ma'ajiya ko zip ɗin da kika ɗora a intanet, ki sa masa kwanan wata a sunansa. Wannan na biyun ba na aiki ba ne, na ko-ta-kwana ne, ba a buɗe shi ba a wasa da shi.

A nan zan ɗan tsaya in ja kunnenki kan abu biyu. Ɗora rufaffen zip a Google Drive ko Dropbox daidai ne. Amma sanya foldar da ake wasa da ita a cikin wurin da OneDrive ko Dropbox ko iCloud ke daidaitawa kai tsaye hanya ce ta lalata duniya, domin su biyu za su riƙa jayayya a kan fayil ɗaya, masu Foundry ma da kansu sun hana. Na biyu, sigogin baya-bayan nan suna da maɓallin yin ajiya a shafin farko. Yana da amfani, amma abin da ke cikin foldar duniyar yake ɗauka. Hotunan da kika ajiye a gefe ba ya bin su, wato zai iya mayar da ke inda kika fito.

Yanzu sabuwar kwamfuta. Cire Foundry ɗin da kika sa. Shiga asusunki a shafinsu, wurin da lasisinki yake, za ki ga ana iya zaɓar tsofaffin sigogi. Sauke daidai lambar da ke takardarki. Buɗe ta sau ɗaya, ki sa lambar lasisi, ki bari ta gina foldojinta, ki rufe. Kada lasisin ya dame ki, ana iya sa manhajar a kwamfuta fiye da ɗaya, sharaɗin shi ne wasa ɗaya ne zai kasance a buɗe ga 'yan wasa a lokaci guda. Daga nan ki ɗauko Data daga filashi ki sa a gurbin sabuwar Data ɗin da babu komai cikinta. Ita kuwa Config ki bar ta a filashi. A cikinta akwai fayil ɗin da ke riƙe hanyar tsohuwar laftof, mai yiwuwa da tsohon sunan mai amfani, kuma ya fi sauƙi ki sake saita abu biyu zuwa uku da hannu da ki tsaya warware wannan. In kin buɗe kika ga maɓallin sabunta dukkan ƙari yana miki murmushi, ki kawar da kai.

Ki shiga duniyar ki zaga kamar mai duba gida bayan an kwaso kaya. Buɗe taswirar da kuka tsaya a kanta, buɗe wata ta shekarar farko, kunna kiɗa, buɗe takardar kowane jarumi, jefa dayis sau ɗaya. Sunayen 'yan wasa da kalmomin sirrinsu da wuraren da suka riga suka gano a taswira duk suna cikin duniyar, za su biyo ta. Ƙananan abubuwa irin su ƙarfin sauti da maɓallan da kika saita wa kanki na kwamfuta ne, sai ki sake saita su. In hoto ɗaya ko biyu bai fito ba, duba adireshin da ke rubuce a saitinsa, ki nemo fayil mai wannan suna a tsohuwar laftof. Kin ga dalilin da ya sa na ce kada a taɓa ta.

Saura abin da ke kunyata jagororin wasa a daren zama, wato komai ya yi kyau a wurinki amma babu wanda ya iya shigowa. Foundry tana jiran baƙi ne a ƙofa mai lamba 30000, in ba ki sauya ba. Rautar gidanku, wato na'urar da ke raba intanet a gidan, ta saba tura masu ƙwanƙwasa wannan ƙofa zuwa tsohuwar laftof, sabuwar kwamfuta kuma wani adireshi aka ba ta a cikin gida. In manhajar ce ke buɗe wa kanta ƙofa ta hanyar UPnP, wataƙila ba sai kin yi komai ba. In da hannu aka saita a da, sai an sake nuna wa rautar sabon adireshi. Kuma lokacin da Windows ta tambaye ki ko a bar Foundry ta yi magana da waje, wannan karon ki karanta sannan ki amince. A cikin saitunan wasan akwai wurin da ke nuna adireshin gayyata. Ki kashe wayfai a wayarki, ki gwada adireshin da datar waya. In shafin shiga ya fito, ƙofa ta buɗe.

Kin ga wannan aikin na ƙofa? Shi za ki ba abokinki. Bari mu yi masa adalci tukuna. Ban ga alamar mugun nufi a abin da kika faɗa ba. Yana da gaskiya cewa wata rana dole ku sabunta, domin masu yin ƙari suna daina kula da tsofaffin sigogi. Yana da gaskiya cewa wasan da ya dogara da laftof ɗaya yana rataye da zare. Kuma mai yiwuwa wannan ce hanyarsa ta nuna cewa wasan yana da daraja a wurinsa. Akwai mutanen da ba su iya cewa ina ƙaunar abin nan ba, sai dai su ce kawo in gyara. Shi ma ƙawa ya rasa, kada ki manta.

Amma fargabarki tana da tushe, kuma ta fi yadda kika faɗe ta girma. Duk wanda foldar ke hannunsa zai iya shiga a matsayin jagora, ya karanta duk abin da kika ɓoye: wanene maci amana a labarin, me ke bayan ƙofar da ba su buɗe ba. Ko da mutumin kirki ne, wajen gyara dole idonsa ya faɗa kan wani abu, kuma abin da ido ya gani ba a mayar da shi. Shi kansa za a cuta, don an ƙwace masa daɗin mamaki. Bayan haka, ba sirrinki kaɗai ke ciki ba. Saƙonnin raɗa da kowane ɗan wasa ya aiko miki a wurin hira suna nan, har da na marigayiya. Ke suka rubuta wa. Ba ki da hurumin miƙa su ga wani ba tare da sanin masu su ba. Don haka amsata ga tambayarki ita ce a'a, kada ki miƙa foldar. Amma kada ki ƙi taimakon.

Ki kira shi ki ce masa wani abu kamar haka: ina ƙaura da wasan zuwa sabuwar kwamfuta, fayilolin ni zan riƙe saboda sirrin labari da saƙonnin mutane, amma maganar rauta ta fi ƙarfina, ko za ka taya ni? Ki ƙirƙiri wata duniya wadda babu komai cikinta, ku yi gwajin shigowa da ita. In yana son ganin allonki, ki nuna masa ta kiran bidiyo, yana faɗa kina dannawa. Linzamin ya zauna a hannunki. In ya fara cewa tunda an zo nan bari a sabunta gaba ɗaya, ki ce masa kin yarda za a yi, amma bayan zama biyu ko uku lafiya, kuma shi kike so ya binciko waɗanne ƙari ne suka shirya wa sabuwar siga. Aiki ne na gaske mai cin lokaci, masu irin halinsa suna jin daɗinsa, kuma ba ya buƙatar ya buɗe duniyarku. In da duk wannan ya dage sai dai a ba shi komai ko ya janye, to kin san ba gyara kaɗai yake nema ba, sai ki yi masa godiya ki nemi wani ya duba miki rautar.

Maganar ƙaninki ta fi sauƙi. Aikin da na lissafa miki na yamma biyu ne, ba na kwana goma ba. Alkawari kuma kaya ne, ban ce ki saɓa ba. Abin da nake so shi ne ku yi cikakken zama ɗaya a sabuwar kwamfuta kafin laftof ɗin ta bar hannunki, domin wasu giɓin ba sa fitowa sai ana tsakiyar wasa. Ki sa zaman cikin mako guda. In lokaci ya ƙure ba a yi ba, ga mafita: ki buɗe masa nasa asusun a laftof ɗin, ki bar naki a kulle da kalmar sirri, ki gaya masa kada ya goge kwamfutar sai kin ba shi izini. Ki faɗa masa dalili, har da maganar ƙawarki. Yaro mai shirin tafiya makaranta zai fahimci wannan fiye da yadda kike zato. Kuma kafin ki sallame ta, ki leƙa wuraren da ba na Foundry ba: rubuce-rubucenki na shirin labari, taswirorin da kika saya suna zaune a foldar saukewa, kalmomin sirri da burauza ta riƙe miki. Ki fita daga dukkan asusunki na intanet a cikinta.

Sai batun rashin lafiyar da kika ƙirƙira. Ba zan yi miki faɗa ba, kunya da tsoro ne suka sa ki. Amma ki warware ta da wuri, domin mutanen da suka yi rashin ɗaya daga cikinsu bara ba sa jin kalmar rashin lafiya da sauƙi. Wataƙila wani cikinsu yana can hankalinsa a tashe. Gajeren saƙo ya isa: ku yafe ni, lafiyata ƙalau, na sauya kwamfuta ne na zaci na ɓatar mana da wasa, na tsorata na kasa faɗa, yanzu na gane komai na nan. Ina kyautata zaton dariya za su yi, wani ma ya ba ki labarin tasa ɓarnar.

Akwai wani nauyi da nake ganin kin ɗauka ke kaɗai ba tare da kowa ya ɗora miki ba. Maganganun marigayiya bai kamata su dogara da wata manhaja ba, ko wace iri ce. A wurin hirar wasan akwai maɓallin da ke fitar da dukkan hirar zuwa fayil ɗin rubutu zalla, wanda kowace kwamfuta ko waya za ta iya buɗewa ko bayan shekara 20. Ki yi wannan a tsohuwar laftof tun kafin ki fara ƙaura. Ki danna dama a kan sunan jarumarta ki fitar da bayananta, ki ɗauki hoton takardarta yadda ta bar ta, ki nemo hoton da ta zaɓa mata. Ki haɗa su a folda guda. Cikakken fayil ɗin hirar ki riƙe shi a wurinki saboda raɗar da ke ciki, amma za ki iya tsamo abin da ta faɗa a bainar kowa ki raba wa sauran huɗun, in suna so. Ki tambaye su tukuna, don ba kowa ne ya shirya karantawa ba. Wannan zai kuma buɗe miki wata ƙofa: hirar shekara uku da ba a taɓa sharewa ba tana ƙara wa duniya nauyi wajen buɗewa, kuma in wata rana kuka ga ya dace a rage ta, za ku yi shawarar ne kuna da kwafi a hannu.

In ƙura ta lafa, ku zauna ku biyar ku yi maganar inda wasan zai zauna nan gaba. Zai iya ci gaba da zama a kwamfutarki, kina yin zip bayan kowane zama ko duk wata. Akwai kuma masu ba da hayar masauki ga Foundry, irin su The Forge, inda duniyar ke zama a buɗe ko kwamfutarki na kashe, asusun kuma da sunanki, babu ɗan wasan da ke riƙe da sirri. Wannan yana da kuɗin da ake biya a kai a kai, don haka shawara ce ta kowa, ba taki ke kaɗai ba. Ranar sabuntawa kuma, ki yi sabon zip da Foundry a rufe, ki gwada a kan kwafi, ba a daren wasa ba.

Yau dai ki ɗauko takarda ki rubuta lambar sigar nan, ki fitar da hirar, ki aika wa mutanenki saƙo. In kun yi zaman farko a sabuwar kwamfuta, ki rubuto mini, ina so in ji ko sun gano maci amanar.